Me ya sa fayilolinmu ba sa zama daidai a kwamfutoci uku?

Tambaya: Ni ne jami'in jarrabawa a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Muna ajiye fayilolin sakamakon ɗalibai na Excel a folda ɗaya da ke haɗe da ma'ajiyar intanet, kuma kwamfutoci uku ne ke buɗe ta: ta tebur da ke ofis, da laftof ɗina, da na wata malama da ke taya ni shigar da maki. Sau da yawa abin da na shigar da dare a gida ba na tarar da shi a ofis da safe, wasu fayilolin sun zama biyu ko uku masu kusan suna ɗaya, foldar zangon da ya wuce ta ɓace daga dukkan kwamfutocin, ga data kuma ba ta jimawa. Shin mu sauya kamfani ne, ko akwai abin da muke yi ba daidai ba?

Amsa: Malam, ba zan ba ka shawarar sauya kamfani ba, domin ko Google Drive kuke amfani da shi, ko OneDrive na Microsoft, ko Dropbox, duk a kan tsari ɗaya aka gina su, kuma matsalolin nan da ka lissafa za su bi ku duk inda kuka koma. Tushen mafi yawansu shi ne zaton da jama'a ke yi cewa fayil guda ne ke zaune a intanet, kowa yana leƙa shi daga inda yake. A tsarin da kuke kai kwafi huɗu ne: ɗaya a kowace kwamfuta, na huɗu kuma a na'urorin kamfanin. Laftof ɗinka ba ya tambayar kwamfutar ofis abin da ke cikinta, ita ma ba ta tambayar na malama, kowace da ma'ajiyar take hulɗa. Manhajar daidaitawa da kuka girka, wato mai kula da cewa kwafin nan huɗu sun zama iri ɗaya, ɗan aike ce kawai: idan ka adana aiki sai ta ɗauka ta kai ma'ajiya, ta ofis kuma ta je ta karɓo, kuma ɗan aiken nan ba ya fita sai kwamfuta tana kunne, akwai sabis, akwai data, babu kuma abin da ya tare masa ƙofa. Inda aka ƙera tsarin, tazarar da ke tsakanin adana aiki da isarsa ma'ajiya ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. A nan Sakkwato kuwa, inda ake ɗauke wuta ana tsakar aiki, data ta ƙare da tsakar dare, sabis ya yi rauni da yamma, tazarar tana iya kai kwana guda ko fiye, kuma a cikinta ne kusan duk ɓarnar da ka gani ke faruwa.

Mu fara da aikin dare da ba ya bayyana da safe. Tafiyar zango biyu ce, daga laftof ɗinka zuwa ma'ajiya, sannan daga ma'ajiya zuwa ofis, saboda haka kafin a taɓa komai sai an san a wane zango aka tsaya. Hanyar ganewa ba ta da wuya: ka buɗe shafin ma'ajiyar a burauza, ko manhajarta a wayarka, ka nemo fayil ɗin, ka duba lokacin da aka yi masa gyaran ƙarshe, ka buɗe shi ka ga ko makin da ka shigar yana ciki. Idan yana ciki, to laifin yana ofis. Idan babu shi, aikin bai taɓa barin laftof ɗinka ba, kuma duk jiran da za ka yi a gaban kwamfutar ofis ɓata lokaci ne.

A abin da na saba gani, zangon farko ne ya fi cin mutane. Mutum ya gama aiki, ya adana, ya rufe murfin laftof nan take, ya kashe hotsifot ɗin wayarsa don tsimin data, alhali manhajar ba ta gama ɗorawa ba. A ƙasan allo ta hannun dama, kusa da agogo, akwai 'yar alamar manhajar: ta OneDrive gajimare ce, ta Google Drive alwatika mai launi uku, ta Dropbox akwati buɗaɗɗe. Idan ka danna ta za ta gaya maka ko ta gama ko tana kan aiki, da sunan fayil ɗin da take ɗorawa. Matuƙar tana nuna kibiyoyi masu juyawa, aikin yana hanya. Ka tuna kuma cewa a layukan waya ƙarfin ɗorawa yawanci bai kai na saukewa ba, don haka kallon bidiyo ba tare da yankewa ba ba shaida ce ta cewa fayil ɗinka ya tafi ba, musamman idan wani ya jefa hotunan bikin yaye ɗalibai a folda ɗaya, manhajar tana fama da su a kan layi.

Akwai kuma tsayawar da ba a sanar da kai da babbar murya. OneDrive yana dakatar da aikinsa da kansa idan Windows ta ɗauki haɗin intanet ɗin a matsayin mai ƙididdigar data, wanda haka take ɗaukar haɗin layin waya da ke cikin kwamfuta tun asali, kuma masu gyara da yawa suna saita hotsifot haka don kada sabuntawar Windows ta cinye wa mutum kuɗi. Yana kuma dakatarwa idan laftof ya shiga yanayin tsimin batir, wanda shi ne halin da laftof ɗin mai aikin dare ke ciki idan babu wuta. Duka biyun ana iya kashe su a saitunan manhajar. Sai kuma cikar wuri. Asusun kyauta na Google gigabayit 15 ne, amma Gmail da Google Photos da Drive ne ke raba shi, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga cikin lissafin, don haka mai yawan zaurukan WhatsApp yana iya cika asusunsa bai sani ba. Na OneDrive gigabayit 5 ne, na Dropbox 2, wanda tun 2019 bai yarda a haɗa na'urori fiye da uku ba. Da zarar wuri ya cika ɗorawa ta tsaya, amma Excel zai ci gaba da adana maka aiki a kwamfutarka kamar babu abin da ya faru.

Idan kuwa aikin ya isa ma'ajiya amma ofis bai gani ba, abu na farko shi ne gaggawa. An tada janareta, an kunna kwamfuta, an buɗe Excel, an danna fayil daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan, duk kafin intanet ya haɗu. Abin da ya buɗe tsohon kwafi ne. Abu na biyu shi ne barin fayil a buɗe: idan jiya an tashi aiki an bar shi a buɗe a kwamfutar ofis, ko a laftof ɗin da aka rufe murfinsa kawai, abin da ke kan allo na jiya ne, kuma da an adana shi an haifar da saɓani. Abu na uku shi ne tsufan na'ura. Microsoft ta daina daidaita fayilolin asusun OneDrive na ɗaiɗaikun mutane a kan Windows 7 da 8 da 8.1 tun 1 ga Maris 2022. Google ta rufe tsohuwar manhajarta mai suna Backup and Sync a Oktoban 2021, ta maye gurbinta da Drive for desktop, ita ma wannan ta daina tallafa wa Windows 8 da kowace Windows mai bit 32 a Agustan 2023. A irin waɗannan kwamfutocin foldar tana nan, alamar ma wani lokaci tana nan, amma babu abin da ke shiga ko fita.

Zan ɗan tsaya a kan agogo, domin kwamfutocin tebur na ofisoshinmu mafi yawa na hannu ne, kuma ba kasafai ake duba wannan ba. A jikin babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta akwai wani ƙaramin batir mai faɗi kamar kwabo, yawanci an rubuta CR2032 a bayansa, shi ne ke riƙe kwanan wata idan an kashe wuta. Idan ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta kwamfutar tana farkawa da kwanan watan shekaru da dama da suka wuce. Manhajar daidaitawa tana bincika takardar shaidar tsaro ta kamfanin kafin ta haɗu, takardar kuma tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka idan agogonka ya ce ana 2012 sai ta ƙi amincewa, ta zauna tana cewa tana ƙoƙarin haɗuwa har a tashi aiki. Batirin ba shi da tsada, masu gyaran kwamfuta da masu gyaran agogo duk suna sayar da shi. Ka kuma tabbatar yankin lokaci na Afirka ta Yamma ne, mai sa'a ɗaya a gaban Girinwich, domin na'urorin da aka shigo da su sukan zo da lokacin ƙasar da suka fito. Manyan manhajojin nan ba da agogo kaɗai suke yanke hukuncin wane kwafi ne sabo ba, amma kai da agogo za ka yanke idan ka zo zaɓe tsakanin fayil biyu, kuma agogon da ya karkace zai sa ka goge wanda ya kamata ka bari.

Yanzu ga batun fayilolin da suka rubanya, wanda shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Ma'ajiya tana riƙe da lissafin kowane zubi na fayil, wato kowane sabon kwafi da ake samu bayan an adana gyara. Mu ce fayil ɗin aji biyu na ƙaramar sakandare yana zubi na 7, kuma dukkanku kuna da shi. Da la'asar malama ta shigar da makin lissafi, ta adana, amma datarta ta ƙare, aikin ya tsaya a laftof ɗinta. Da dare kai ka buɗe naka, wanda har yanzu na 7 ne, ka shigar da makin Hausa, ya tafi lafiya, ma'ajiya ta rubuta shi a matsayin zubi na 8. Washegari malama ta sayi data, manhajarta ta zo da gyaran da aka gina a kan na 7, sai ta tarar an riga an wuce wurin. A nan ma'ajiya ba ta da hanyar sanin wanda ya fi gaskiya, domin ba ta karanta maki, tarin bayanai kawai take gani sun bambanta. Zaɓi biyu gare ta: ta bar na ƙarshe ya danne na farko, makin Hausa ya salwanta ba wanda ya sani, ko ta ajiye duka biyun ta bar muku hukunci. Na biyun take ɗauka. Dropbox yana ƙara kalmomin "conflicted copy" da kwanan wata a sunan fayil ɗin, OneDrive yana manna sunan kwamfutar a ƙarshen suna, Google Drive kuma ya yarda fayil biyu su zauna da suna ɗaya a folda, a kwamfuta sai ka ga an sa wa ɗayan lamba. Saboda haka waɗannan tagwayen fayiloli kariya ce aka yi muku, kuma babban kuskuren da za a yi shi ne a ɗauke su shara a goge ba a buɗe ba, domin kowane ɗaya yana ɗauke da aikin da babu shi a ɗan'uwansa.

Maganin iri biyu ne. Na farko shi ne aikin haɗin gwiwa kai tsaye, inda ake amfani da Google Sheets a burauza, ko Excel na Microsoft 365 tare da OneDrive an kunna AutoSave, wato maɓallin da ke sa Excel ya riƙa adana aiki da kansa. A wannan tsarin kowane gyara na tafiya ne ɗaki-ɗaki, wato kowane ɗan akwatin da ake rubuta maki a ciki daban, manhajar ta san cewa kai ka taɓa layin Hausa, malama ta taɓa na lissafi, sai ta haɗa su. Sharaɗinsa shi ne fayil ya kasance sabon tsari mai ƙarewa da xlsx, ba tsohon xls ba, Office ɗin ya zama na zamani mai lasisi, intanet kuma ya tsaya yawancin lokacin aiki. Tsofaffin Office irin na 2007 da 2010 da suka cika kwamfutocin makarantu ba su da wannan damar.

Na biyu, wanda shi na fi so muku, shi ne ku hana saɓanin samun wurin faruwa tun farko, ta hanyar raba aiki yadda kowane fayil mutum ɗaya ne ke rubutu a cikinsa. Maimakon babban fayil guda mai dukkan ajujuwa da darussa, malama ta sami nata fayilolin na darussa ko ajujuwan da take shigarwa, kai ka sami naka, sannan babban fayil ɗin haɗa sakamako ya zama kai kaɗai ke taɓa shi, kana kwaso maki daga ƙananan. Idan dole ne mutum biyu su taɓa fayil ɗaya, to a yi shi bi da bi: wanda ya gama ya rufe fayil, ya jira alamar kammalawa, ya aika saƙo cewa ya saki, wanda zai karɓa shi ma ya jira tasa manhajar ta gama saukewa kafin ya buɗe. Wannan ƙa'idar ta shafe ka kai kanka tsakanin gida da ofis, domin a idon ma'ajiya laftof ɗinka da kwamfutar ofis mutum biyu ne. Na san wasu za su ce wannan koma baya ne, an sayi fasaha an koma aika saƙo, amma tsarin da ke aiki ko da sabis ya yanke rabin yini ya fi dacewa da makarantar da ke aiki da hotsifot ɗin waya.

Wasu fayilolin kuma sunansu ne ke hana su tafiya. Windows da OneDrive ba sa karɓar alamar tambaya, da ɗigo biyu, da tauraro, da sandar da ake raba kwanan wata da ita, da alamar zance mai baki biyu a sunan fayil, don haka fayil ɗin da aka sa wa suna a waya ko a kwamfutar Apple da kwanan wata irin 12/3/2025 yana iya maƙalewa. A rubuta 2025-03-12, wanda ke da ƙarin amfanin jera fayiloli bisa tsarin lokaci. Tsawon suna ma yana da iyaka: a al'adance Windows tana tsayawa a haruffa 260 idan aka haɗa sunan fayil da na dukkan foldojin da yake ciki, OneDrive kuma a 400, saboda haka folda cikin folda cikin folda, kowace da cikakken sunan makaranta da na zango, tana iya kai ku bango. Haruffanmu masu ƙugiya ba su da laifi, dukkan manhajojin uku suna karɓar su.

Foldar da ta ɓace ita ce ke da gaggawa, don haka ka fara da ita yau. Daidaitawa ba ta bambanta gyara da gogewa: idan an goge abu a kwamfuta ɗaya, ma'ajiya ta ɗauka umarni ne, ta goge nata, ta kuma umarci sauran su goge. Abin da ya fi jawo wannan shi ne wani ya ga faifan kwamfutarsa ya cika, ya ce ai suna intanet, ya goge foldar don samun wuri. Wani lokaci kuma ba a goge ta ba, hannu ne ya kuɓuce aka ja ta aka jefa cikin wata folda. Saboda haka ka shiga shafin ma'ajiyar a burauza, ka fara neman sunan wani fayil da ka tabbata yana cikinta. Idan bai fito ba, ka duba kwandon shara na shafin, kuma na asusun da ya mallaki foldar, ba kwandon da ke kan allon kwamfuta kaɗai ba. Google Drive yana riƙe abin da aka goge kwana 30 sannan ya share shi gaba ɗaya, haka OneDrive na ɗaiɗaikun mutane da Dropbox na kyauta, asusun OneDrive na makaranta ko ma'aikata kuwa kwana 93. Idan wa'adin ya wuce, sauran fatan da ya rage shi ne wata na'ura da ba ta hau intanet ba tun kafin gogewar. In akwai irinta, kada a bar ta ta haɗu da intanet, a kunna ta babu sabis, a kwafe foldar zuwa filashi tukuna.

Daga nan za ka ga cewa abin da kuke da shi daidaitawa ce, ba ajiyar kariya ba. Duk abin da ya sami kwafi ɗaya zai sami sauran. Idan aka ɗauke wuta kwamfutar tebur tana tsakar adana fayil ya lalace, lalataccen ne za a raba wa kowa a matsayin sabon zubi. Idan bairos mai kulle fayiloli ya shigo ta filashin wani ɗalibi, kullallun ne za su hau. Akwai tarihin zubi da ke ba da damar komawa baya, wanda a Google Drive kwana 30 ne ko zubi 100 ga fayilolin da ba na Google ba, a Dropbox na kyauta ma kwana 30, amma sakamakon zangon farko da ya lalace ba lalle a lura da shi ba sai ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa jimilla. Su kansu kamfanonin ba ma'asumai ba ne: a Nuwamban 2023 Google ta amsa cewa wasu masu amfani da wani zubi na Drive for desktop sun nemi fayilolinsu sun rasa, har ta fitar da hanyar dawo da su. Don haka a ƙarshen kowane mako, da kuma ranar da aka rufe sakamako, a kwafe dukkan foldar zuwa faifan waje ko filashi mai kyau, a sa mata kwanan wata, a zare faifan a kulle a durowa. Kada sabon kwafi ya danne tsoho. Sakamakon da aka kammala kuma a mayar da shi PDF, a buga na takarda a sa a fayil ɗin ofis. Ƙaramin UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta a kunne idan an ɗauke wuta, ga kwamfutar tebur, ko da na minti goma ne, ya isa a adana aiki a kashe ta cikin natsuwa kafin a tada janareta.

A wajen yin wannan kwafin akwai tarko. Tun 2017 OneDrive ya zo da tsarin da ke nuna sunan fayil a folda alhali abin da ke cikinsa yana intanet, Drive for desktop ma yana da irinsa, kuma shi ne yake zaɓa wa mutum idan bai sauya ba. A OneDrive, fayil mai alamar gajimare shuɗi suna ne kawai, mai alamar kore a farin da'ira an sauke shi amma ana iya janye shi idan wuri ya yi ƙaranci, mai cikakkiyar koriyar da'ira shi ne zaunanne. Wanda ya je kwafe foldar da ke cike da gajimare babu intanet ba zai sami komai ba. Shawarata ita ce foldar zangon da ake ciki a danna mata dama a zaɓi a riƙe ta a kwamfuta kullum, tsofaffin shekaru kuma a bar su a intanet bayan an yi musu kwafin kariya. Dalilin bai tsaya ga ƙarewar data ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik a wurare da yawa na Nijeriya, kuma mutanen jihar nan ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar tsaro. Makarantar da fayilolinta suna ne kawai a kan allo ba za ta iya fitar da sakamako a irin wannan rana ba. Wanda kuma yake son samun wuri a faifansa, akwai zaɓin sakin wuri a wannan jerin na danna dama, wanda ke janye kwafin kwamfutar ya bar na ma'ajiya, shi ne madadin gogewa.

Batun data ba shi da sarƙaƙiya. Fayilolin Excel ƙanana ne, ba su ne ke cinye ta ba. Abin da ke cinye ta shi ne hotuna da bidiyo da takardun da aka yi wa sikanin, waɗanda idan an ɗora sau ɗaya sai an sauke su a sauran kwamfutoci biyu, wato an biya sau uku. Sai kuma zaɓin da ke kwashe duk abin da ke kan allon kwamfuta da foldar takardu da ta hotuna ya kai ma'ajiya, wanda mutane da yawa ke amincewa da shi lokacin girka Windows ba su karanta ba. Ka duba saitunan kowace kwamfuta, ka cire duk foldar da ba ta aikin jarrabawa ba, ka fitar da hotuna zuwa wani wuri daban. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan binciken na rabin sa'a yana biyan kansa a wata guda.

Abu biyu kuma kada ku yi. Kada a ɗora manhajojin daidaitawa biyu a kan folda ɗaya da sunan ƙarin tsaro, domin kowace za ta riƙa ganin taɓawar ɗayar a matsayin sabon gyara. Kada kuma a sa rumbun bayanai mai aiki a cikin foldar, irin fayil ɗin Access, ko na manhajar lissafin kuɗin makaranta, ko fayil ɗin wasiƙun Outlook, saboda irin waɗannan ana rubutu a cikinsu ne a kai a kai muddin suna buɗe, kuma kwafin da aka ɗauka ana tsakar rubutu yana iya ƙin buɗuwa gaba ɗaya. Abin da ake sawa a ma'ajiya shi ne kwafin kariyar da manhajar ta fitar bayan an rufe ta.

Idan asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya kuke amfani da su ku ukun, ku raba. Makaranta ta mallaki asusun da foldar take ciki, kai da malama kowa ya shiga da nasa, a ba shi izinin abin da ya shafe shi. Ta haka tarihin ayyuka zai nuna wanda ya gyara da wanda ya goge, kuma ranar da wani ya bar aiki izininsa kawai za a janye. Sunayen yara da makinsu da lambobin iyayensu bayanan sirri ne da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa makaranta alhakin tsarewa, don haka bai dace su zauna a asusun da ke buɗe a wayar mutum uku da 'ya'yansu ba.

Game da tagwayen fayilolin da suka riga suka taru, ga yadda za ku warware su. Ku zaɓi rana ɗaya ku kawo kwamfutocin uku ofis. Kafin a haɗa kowace da intanet, a kwafe foldarta yadda take zuwa faifan waje, a rubuta sunan kwamfutar a kan kwafin. Sannan a haɗa su ɗaya bayan ɗaya, kowace a bar ta har ta nuna ta gama, a dawo da foldar da ta ɓace daga kwandon shara. Daga nan a dakatar da aiki a biyu, a zauna a gaban ɗaya, a buɗe kowane fayil da tagwayensa gefe da gefe, a bi su darasi-darasi. Inda ɗaya ke da maki ɗayan babu, a cike. Inda duka biyun ke da maki amma sun saɓa, kada a dogara da kwanan watan fayil, a koma ga takardar makin da malamin darasi ya sa wa hannu. Wanda aka tace a bar masa sunan asali, sauran a fitar da su daga foldar da ake daidaitawa zuwa faifan waje, a riƙe su har sai an raba wa ɗalibai sakamako an kuma saurari ƙorafin iyaye.